Wai "mu da ba mu da wuta mi za mu yi a sama?"

Tun jiya da na baro wajen ɗaurin auren nan na Mabera raina a ɓace yake, kun dai san zancen, wanda bai ji ba ya tambayi waɗanda sunka zauna layin baya. Babban mutum, hadimin ɗan majalisar tarayya guda, ya buɗe baki gaban jama'a wai kuɗin da ake ba hukumar sararin samaniya asara ne, mu da ba mu da wuta mi za mu yi a sama. Kuma jama'a na ta dariya ana tafa mai. To sannu masani, Allah shi ƙara basira, yana faɗin haka kuma yana duba taswira mai aiki da tauraron ɗan'adam a wayarshi don ya gane hanyar gidan walima!

Ni ban ga laifinshi sosai ba wallahi, laifin na iyayen gidanshi ne da ba su zama da masana. Tun 1999 aka kafa NASRDA, wato hukumar sararin samaniyar tamu, 2003 munka harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 daga Rasha, 2011 aka ƙara NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanga na biyun injiniyoyinmu ne sunka haɗa shi a Ingila, shi kuma NigeriaSat-2 shekara 7 aka tsara ya yi aiki, ku lissafa da kanku ku ga tun yaushe wa'adinshi ya cika. A je zauren majalisa a tambaya a ji mutum nawa sunka san wanga lissafi. A Amurka duk shekara 10 masana duniyoyi kan zauna su rubuta abin da ya fi cancanta a kashe ma kuɗi, su miƙa ma NASA, hukumar sararin samaniyarsu, da majalisarsu, 'yan majalisar su kira su a yi ta gardama har a tsai da magana. Mu nan sai ranar kare kasafi, a yi hoto, a sha lemo, a watse. Ku zauna da su mana! Mi ya yi zafi?

Na san masu cewa yunwa ta fi, ku adana kwament ɗinku. Indiya ma akwai talakawa tuli, amma ta kai kumbo duniyar Mas a 2014 da kusan dala miliyan 74, ta sauka a wata a 2023, ba aljanu sunka yi masu ba, hukuma ce ta saurari masananta shekara da shekaru.

Tsakani da Allah abin na ci min rai. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010 lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya cinye gonaki da gidaje bakin gulbin Rima ba zai kira hoton tauraron ɗan'adam wasa ba. Da shi ake ganin yadda ruwa ke taruwa, da inda hamada ta kawo, da abin da ke cikin dazukan da ba mai iya shiga. Mai karanta hoton na ofis, mai sa hannu a kuɗin na majalisa, ba su ko san juna ba. Ku zauna da su, don Allah.

Af, kun san dutsen da ya faɗo Zagami ta Katsina a 1962, wajen kilo 18, daga duniyar Mas ya hito? Gutsuttsuranshi na can ana cinikinsu a ƙasashen Turawa giram-giram. Wa ke da ɗan uwa a Zagami, ina son in ji ko tsofaffin garin na tuna ranar.