Badukun unguwarmu ya rasu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, badukun unguwarmu, ya riga mu gidan gaskiya bayan ƴar gajeruwar jinya. Ba zan sa sunansa ko hotonsa ba, don iyalinsa ba masu son a yi ta yawo da su a Facebook ba ne. Ba shi ya haife ni ba, amma a zaurensa muka tashi tare da ƴaƴansa, kuma bai taɓa bambanta mu a gaban akushi ba.

Dukanci gado ya yi. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka kwaso kayan aikinsu suka hau tudu bayan ambaliyar Gulbin Maradi ta 1945, wadda ta cinye tsohon garin da ke cikin fadama. A wannan gidan na kan tudu Baba ya koyi riƙe basilla, a nan kuma ya tsufa.

Duk wanda ya taɓa ganin Baba yana zaɓen fata ba zai manta ba. Sai ya ɗaga ta a hasken rana, ya bi ta da yatsa yana neman inda wuƙar mahauci ta karce, ya naɗe gefe ya saki ya ga ko za ta tsage, sannan ya shinshina. Da hanci yake gane fatar da ta sha bagaruwa yadda ya kamata da wadda majemi ya yi gaggawar tsamowa. Idan ta jar akuya ce, sai ka ga fuskarsa ta saki. Wannan akuyar tamu ta Maradi ai ba ƙaramar dukiya ba ce. Fatarta laushi gare ta ga ƙarfi, kuma irinta ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Jan rininsa da karan dafi yake yi. Ya ɗinka gafaka ta Alƙur'ani, ya yi alabe, kube, zabira, takalma da kayan doki na hawan salla. Akwai malamai a garin nan da suke rataye da gafakar da ya ɗinka musu tun suna gardawa, ɗinkin bai saki ba.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne yabon da na ji ana yi masa a wurin zaman makoki. Gaskiya aka faɗa, kowace kalma. Amma da yawa cikin masu yabon su ne suke taya aikin kwana uku da kuɗin da bai kai na yini ɗaya ba, su ce ai na roba ya fi arha a kasuwa. Kuma a cikin garin nan aka hana babban ɗansa auren wata yarinya, ba don hali ba, ba don addini ba, sai don wai gidan dukawa ne. Baba bai ce komai ba a lokacin. Ni dai abin bai bar raina ba har yau.

Maradi garin kasuwanci ne, kowa ya sani. Tun zamanin gyaɗa alhazanmu suka yi suna, da farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗar suka koma fatauci ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Ba na ƙyashin kowa, Allah ya ƙara musu. Sai dai mun saba mu tashi tsaye wa mai saye da sayarwa, mu bar mai yin abin da hannunsa a tsugune. Ana loda ɗanyar fata a mota a fita da ita, mu kuma mu sayi takalmin da zai tsinke kafin damina ta wuce.

Da wannan sana'ar da ake rainawa Baba ya riƙe gida. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, zare da gam da duk abin da ake shigowa da shi suka yi tashin gwauron zabo, amma bai cire ko yarinya ɗaya daga lakwal ba, balle makarantar allo. A yunwar 2005, da hatsi ya yi tsada har tiya ta gagari talaka, ƙanwarsa ta zo daga ƙauye da yaranta. Ya buɗe musu ɗaki, ya sayar da tumakin da yake kiwo na layya, ya ƙara aikin dare a hasken fitila. Inna, matarsa, ta ce a waccan shekarar sai ya tabbata kowane yaro ya ci sannan yake sa hannu a tuwo, wani daren kuma ya ce wai ya ci a waje. Ta san bai ci ba.

Ba mai yawan magana ba ne, kuma yana da zafi a kan aiki. Idan yaro ya karkata ɗinki, zai sa shi ya warware duka ya sake. Amma da la'asar shi ne zai aika a sayo wa yaron ƙosai.

Yanzu ɗan ƙanwar tasa, wanda ya zo a 2005 yana ƙaramin yaro, shi ke zaune a kan buzun Baba, kuma hannunsa ya faɗa. Mai son gafaka ko kayan doki ya je ya ba shi aiki, ya biya kuɗin da aikin ya cancanta.

Sannan akwai littafin bashi da Baba ya bari, da ajami ya rubuta shi, sunaye sun cika shafuka. Wasu bashin ya shekara biyar, bai taɓa zuwa ƙofar kowa ba saboda kunya. Inna tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba za ta fita nema ba, ga marayu biyu da ba su gama lakwal ba. Don Allah duk wanda ya san sunansa yana cikin littafin nan, ya kai haƙƙinsu gida tun kafin a yi sadakar arba'in.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.