A cunkoso ake gane gwanin rawa

A Buenos Aires, babban birnin Ajantina, akwai gidajen rawa da ake kira milonga, inda ake taruwa da dare a taka tango, rawar da namiji da mace ke yi rungume da juna. Idan dare ya raba a zauruka irin su El Beso, fili kan cika har kowane mutum biyu ba su da wurin da ya wuce shimfiɗar tabarma ɗaya. Ga takalman mata masu tsinin dunduniya, ga rabin masu rawar da baya suke tafiya. Duk da haka, a gidajen da suka riƙe tsohon tsari, ba kasafai ake karo ba.

Ba tallar tango na zo yi ba, kuma na san abin da malamanmu za su ce game da rungumar matar da ba taka ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda mutanen da ba su san juna ba suke raba ɗan ƙaramin wuri har asuba, babu ɗan sanda, babu alƙalin wasa. Ra'ayina shi ne, abin da baƙo zai ɗauka tsabar iyayi ne da feleƙe, shi ne ainihin abin da ke kare ƙafafun mutane a wurin.

Kowa ta hanya ɗaya yake zagaya filin, saɓanin tafiyar hannun agogo, kamar yadda motoci ke bin shataletale a Kano ko Maraɗi. Akwai layin waje, akwai na ciki, tsakiya kuma galibi masu koyo ne ke ƙarewa a can. Ba a wuce na gaba, ba a tsallaka layi, ba a yin dogon taku saɓanin inda zagayen ya nufa, domin wanda ke bayanka ya riga ya sa rai da wannan wurin. Mai son shiga fili bayan an fara kiɗa yakan tsaya a gefe sai ya haɗa ido da namijin da ke tahowa, in ya gyaɗa masa kai sannan ya shiga gabansa. Duk direban da ya taɓa fitowa daga lungu zai hau babban titi ya san wannan kallon.

Nauyin ya fi yawa a kan namiji, kuma haka ya kamata. Shi ne ke fuskantar inda ake tafiya. Ita macen da baya take takawa, wata ma idonta a rufe saboda sauraron kiɗa. Ta ba shi amanar bayanta. To idan ya ga dama ya buɗe mata taku mai faɗi don ya burge 'yan kallo, ƙwaurin wata ko idon sawun wani zai biya kuɗin burgar. Akwai salon da ƙafar mace ke wulwulowa sama ta baya kamar bulala, suna kiransa boleo. A fili mai sarari abin sha'awa ne. A cunkoso kuwa, tsinin takalmi ne ke yawo daidai gwiwar mutane, shi ya sa ake so dunduniya ta zauna a ƙasa. Tsofaffin da suka shekara hamsin suna rawar, za ka ga suna juyi a wurin da bai fi faifai ba, kuma su ne matan ke rububin rawa da su. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, in ji Bahaushe. A can, ko kiɗan bai canza ba, cikar fili kaɗai ta isa ta canza rawar.

Su kansu mutanen birnin sun bambance rawar dandamali da rawar cikin jama'a. Gasar tango ta duniya da ake yi a Buenos Aires tun 2003, galibi a watan Agusta, kashi biyu ce. A ɗaya ana tsalle, ana ɗaga mace sama. A ɗayan kuwa ana saka masu rawa da yawa a fili lokaci guda, a duba har da yadda suke bin zagaye ba tare da sun takura wa maƙwabta ba. Matsalar takan zo daga wanda ya koyi rawarsa a bidiyon dandamali, ya sauka a birnin da ita, yana so ya zazzage duk abin da ya iya cikin minti uku.

Sai batun neman abokin rawa, wanda ni a ganina ya fi komai hikima. Ana sa kiɗa rukuni-rukuni, waƙa uku ko huɗu na makaɗa ɗaya, misali na Carlos Di Sarli ko Juan D'Arienzo. Daga nan a sa ɗan gajeren kiɗan da ba tango ba, kowa ya koma kujerarsa, fili ya zama wayam. Namiji ba ya tasowa ya tsaya a kan mace yana miƙa hannu. Daga inda yake zaune zai dube ta. In ta riƙe kallon, ya ɗan sunkuyar da kai, ita ma ta amsa. Wannan shi ne cabeceo. In ba ta so, sai ta kau da kai kamar tana neman wani abu a jakarta, babu wanda ya ji kunya, babu wanda ya sani. Mu da muka san kara, muka san wuyar cewa a'a a gaban mutane, ai bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Kuma nan ne hukuncin yake. Wanda ya saba buga mata da mutane, ko mai matsa su fiye da kima, ba sai an kore shi ba. Zai wayi gari duk inda ya duba, ƙeya yake gani.

Akwai masu sukar tsarin, kuma ba duka maganarsu ce banza ba. Suna cewa mai raunin gani yana cutuwa, baƙuwa kan zauna dare guda ba wanda ya dube ta, kuma tsoffin hannu na fakewa da al'ada su ware kansu. Wasu gidajen na matasa sun sassauta, mace na iya neman rawa da bakinta, har ta ja ragamar. Wannan duka ana iya sauyawa. Amma bin layi da rage taku ba su da alaƙa da zamani, tunda har gobe mutum biyu ba sa tsayawa a kan tayil ɗaya.

Sai dai ladabin masu rawa yana da iyaka, kuma Buenos Aires ta koyi haka da hawaye. Ranar 30 ga Disambar 2004, a wani gidan casu mai suna República Cromañón, wani ya kunna tartsatsin wuta ana tsakiyar wasa, rufin ya kama. An cika wurin fiye da adadin da aka amince masa, ƙofar gaggawa kuma a garƙame. Mutum 194 suka mutu, akasarinsu hayaƙi ne ya kashe su. Ba tango ake yi ba a daren, amma hukuma ta rufe gidajen rawa a birnin don bincike, har da na tango, kuma a 2006 aka tsige shugaban birnin, Aníbal Ibarra. Yawan mutanen da za a bari su shiga, da ƙofar da za su fita, ba aikin mai rawa ba ne, na mai gida ne da hukuma.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Mu ma muna da rawar mutum biyu, ta ango da amarya a wajen dina. Da zarar mai gabatarwa ya kira su, sai a yi musu ca. Masu liƙi a gaba, masu ɗaukar hoto da waya a baya, yara na kutsawa tsakanin ƙafafu suna tsintar kuɗi, wayoyin lantarki na masu kiɗa a shimfiɗe a ƙasa, amarya na jan riga mai jela ba ta ganin inda take takawa. Liƙin ma dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana, amma bar wannan. Ko da za a yi, me zai hana a zo rukuni-rukuni, dangin ango su gama su koma kafin a kira ƙawayen amarya? Wasu masu gabatarwa suna ƙoƙarin haka, sai dai da wuya a saurare su, domin kowa gani yake shi na gida ne. Kuma a zauruka da dama da na shiga, in ka nemi ƙofa ta biyu, za ka tarar nan aka jibge kujerun da suka yi saura da kulolin abinci.