"Cire Naman Ka Ci Taliyar": Awa Goma Sha Ɗaya A Bayan Labule

Shekara tara ke nan ina kai-komo tsakanin Kantin Kwari da Guangzhou ta ƙasar Sin, har na ɗauka babu sauran wulaƙancin da zai ba ni mamaki a cikin jirgi. Ashe da sauran rina a kaba. Dawowata ta makon jiya, a jirgin wani kamfanin Asiya da ba zan kama sunansa ba, ita ta nuna mini haka.

Duk wanda ya taɓa zama a ekonomi ya san zancen. Kujera goma a jere, uku, huɗu, uku, gwiwarka na tokare da bayan ta gabanka, shi kuma na gaban da zarar jirgi ya daidaita sai ya kwanto maka da tasa har kan cinya. Ni dogo ne, nakan sauka ƙafafuna sun kumbura kamar na mai tsohon ciki. Duk wannan na saba. Na saba a ɗora jakata a sikeli a ce ta haura kilo 23 da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, in durƙusa a gaban jama'a ina zaro samfurin atamfa ina cusawa a aljihu. Na saba da yadda koren fasfo ke ɗauke murmushin ma'aikaci kamar an ɗauke wuta.

Abinci ne ya tunzura ni. Kwana uku kafin tafiya na sa ejan ɗina a Kano ya nema mini abincin Musulmi, ya turo takarda, ga haruffan nan huɗu ɓaro-ɓaro, MOML, na kai shago aka buga mini ita. A gefena wani dattijo ne ɗan Maraɗi mai sayar da takalma, zai yi shekara 70, yana da ciwon suga. Da ya hango keken abinci ya taso daga gaba sai ya haɗiye maganinsa, ya buɗe ɗan teburinsa, ya yi bisimilla yana jira. Mu kuwa muna can ƙurya, dab da banɗaki, inda keke ba ya isowa sai an kwashe na kirki.

Sai da aka ci kusan awa ɗaya ma'aikaciyar jirgin ta iso kanmu. Ba ta dube mu ba. Ta ɗago faranti ta ce, "Alade da taliya."

Na ce, "Don Allah, na nemi abincin Musulmi."

Ta ce, "Kaza ta ƙare."

Na ce ba kaza na tambaya ba, na miƙa mata takardar da hannu biyu, yadda na ga su ma suna miƙa kati a kasuwanninsu don girmamawa. Ba ta karɓa ba. Ta leƙa ta ta wutsiyar ido, kamar wadda aka nuna wa rasit ɗin kuɗin shara. Ta shafa allon hannunta sau ɗaya ta ce, "Biyu aka loda, an bayar."

"An bai wa wa?"

Ta ɗaga kafaɗa. Sannan, da murya mai sanyi, irin ta mai lallashin yaron da ya ƙi shan koko, ta ce, "Ai da sauƙi. Cire naman ka ci taliyar."

Jama'a, kun ji fa. Fatawa ce aka ba ni a sararin samaniya, ƙafa dubu 35 daga ƙasa, kyauta, ba tare da na je zauren kowane malami ba. Ashe duk shekarun nan wahalar da kanmu muke yi: a tsame aladen a ajiye gefe, a sha romon, shi ke nan an yi halal. Allah ya ƙara wa malama ilimi.

Dattijon ya taɓa hannuna. "Ɗana, me take cewa?"

Na ce, "Baba, cewa ta yi mu tsame aladen mu ci sauran."

Ya yi shiru, ya rufe teburinsa a hankali, ya ce, "Rabu da ita, ɗana. Allah ya sauke mu lafiya." Hannunsa har ya fara rawa. Na ce mata mutumin nan ya sha maganin suga, ko burodi ne a taimaka, ko ayaba. Ta ce, "Jira," ta tura kekenta ta wuce. Bayan minti ashirin na danna maɓallin kira. Ta zo, ta miƙa hannu ta saman kaina, ta kashe fitilar, ta juya. Ko uffan. Sauran dabinon da na taho da shi tun daga gida na lalubo a jaka na ba Baba. Can an jima aka dangwarar mana da ƙananan burodi biyu masu sanyi kamar dutse da ɗan ƙullin bota.

Kada wani ya ce mini gajiya ce ko halinta ke nan. A layin da ke gabanmu talabijin ɗin wani Bature ya ƙi kamawa. Wannan baiwar Allah dai, ita ɗin, har ƙasa ta tsuguna tana ba shi haƙuri, ta dawo masa da lemo da cakulan. Kujera iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, ni ma kuwa nawa sai da na sayi dala a kasuwar bayan fage da tsadar da kowa ya sani tun faɗuwar naira a 2023.

Amma da na huce na ga ba ita ce kaɗai abar zagi ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya kai ni jirgin wasu tun farko? Kano ce garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, tun 1925. Mun yi Nigeria Airways daga 1958, aka cinye shi ƙurmus, ya mutu a 2003. A 2018 aka kwashi jiki har Ingila aka nuna mana tambarin Nigeria Air a bikin baje kolin jirage. A watan Mayun 2023, ana saura kwanaki gwamnati ta sauka, aka kawo jirgi ɗaya Abuja an shafa masa fentinmu, aka yi hotuna, aka tafa, ashe na Habasha ne, ya koma gidansu. Mutum sama da miliyan 200, amma jirgin aro muka yi wa kwalliya kamar kayan lefen da aka aro don a fita kunyar dangi.

Me kuma ya kai ni Sin neman atamfa? Garin da ke da marinar Ƙofar Mata, garin da masaƙu suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa, yau 'ya'yansa ke layin biza don su je su roƙi a buga musu zane. An bar masaƙun Kano da Kaduna sun mutu, ba wuta, ba auduga, ba mai tambaya. A 2020, lokacin korona, da idonmu muka ga bidiyon 'yan Afirka da aka kora daga gidaje da otal-otal a Guangzhou suna kwana a titi. An yi 'yan kwanaki ana kumfar baki, aka manta, mu kuma muka koma da jakunkunanmu. Manyanmu ba za su taɓa jin zafin nan ba, su a gaban labule suke zama, inda ake kiran mutum da sunansa ana tambayarsa ko naman ya yi masa laushi. Mu ma da laifinmu: mun fi ashirin a bayan jirgin nan, kowa ya sunkuyar da kai, wai kada a sa masa alama a hana shi biza.

Da muka iso gida, bayan canjin jirgi da zaman jira na awa shida, wani mai kaki ya tare ni a bakin ƙofa yana washe baki. "Alhaji, barka da hanya. Me ka kawo wa yaranka?" Na sa hannu a aljihu, na ciro ɗan ƙullin botar nan, na damƙa masa.