Cinikin biri a sama: marubutan Kano da kasuwar littattafan waya

Ranar wata Asabar na leƙa gidan gwaggona a Gwammaja, na tarar da 'yar autarta zaune kan tabarma a tsakar gida, waya a hannu, igiyar caji ta nannaɗe mata tsintsiyar hannu, manyan yatsunta biyu sai tsalle suke a kan gilashin. Sai da na yi sallama sau biyu kafin ta ɗago.

"Yaya sannu da zuwa. Don Allah ka ba ni minti goma, jama'a na jirana."

Jama'ar da take nufi mata ne sama da ɗari da kowacce ta tura mata naira 500, ta zuba su a guruf ɗin WhatsApp, ta yi musu alƙawarin shafi biyu kullum bayan la'asar. Da ta gama ta tura, na tambaye ta yadda labarin zai ƙare. Ta yi dariya ta ce, "Wallahi Yaya ni ma ban sani ba tukuna."

Wannan amsa ce ta sa ni wannan rubutu. Duk inda marubutan waya suka haɗu, kukansu ɗaya ne: ana fitar musu da littafi. Mutum ɗaya ta biya, ta kwashe shafukan ta watsa a guruf goma, kafin gari ya waye littafin kuɗi ya zama na sadaka. Kukan gaskiya ne, kuma zan dawo kansa. Amma a ganina ba shi ne babban ciwon ba. Babban ciwon shi ne mun mayar da sayar da littafin da ba a rubuta ba tamkar al'ada. Mai karatu yana cinikin biri a sama, marubuciya kuma ta ci kuɗin birin tun ba ta san ko zai sauko ba.

Ba haka kasuwar ta faro ba. Waɗanda suka tashi a Kano cikin shekarun 1990 suna tune da yadda ake yi. Marubuci zai cika littattafan rubutu na 'yan makaranta da biro, ya kai wa mai tafireta, ya kai maɗaba'a ya biya da kuɗin aljihunsa, sannan ya ɗauko ɗaurin littattafai a bayan babur ya kai wa diloli a kasuwar Sabon Gari, ya koma gida ya jira ciniki. Haka su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da sauran 'yan ƙungiyar Raina Kama suka gina abin da masana suka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, sunan da da yawa daga cikin marubutan ba su taɓa so ba. Su ma suna raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, don ja wa mai karatu rai. Sai dai duk kashin da ya isa hannunka kammalalle ne, kuma asarar, in an yi ta, a wuyan marubuci take. Wanda ya san zai zuba jarinsa a takarda da tawada ba ya rubutu da ka. Littafin Alhaki Kuykuyo Ne da Hajiya Balaraba ta fitar a 1990, sai ga shi a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci. Shekara 22 tsakani, kuma a tsakanin nan har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano a 2007. Wa zai fassara labarin da ya tsaya a shafi na 47 saboda mai shi ta yi baƙi?

Yanzu waya ta ɗauke wahalar takarda gaba ɗaya, kuma alheri ne babba. Yarinyar da ba ta da ko sisin bugu tana iya samun masu karatu daga Damagaram har Jidda ba tare da ta fita ƙofar gida ba. Amma abin da ya tafi tare da takardar shi ne tilascin gamawa. Tsarin da aka saba yanzu kowa ya san shi: a saki shafukan kyauta kamar goma ko ashirin, a tsaya daidai inda hankali ya tashi, a saka lambar asusun Opay ko Moniepoint, a ce a turo shaidar biya. Akwai guruf na kowa da kowa, akwai na manyan mata mai tsada wanda ake ba su shafuka da yawa. Daga ranar da kuɗin farko ya shigo, abin da ke hannun marubuciya ya daina zama labari, ya zama bashi.

Shi kuwa bashi yana sauya rubutu. Wadda dole ta tura shafi biyu kafin magariba, ko da ciwon kai ko da biki a gidan, za ta cike gurbin da abin da ya fi sauƙi. Shi ya sa za ka ga an ɓata shafi guda ana kwatanta leshin da amarya ta saka, da jerin kulolin abinci a kan teburi, da irin motar da Alhaji ya fito daga ciki. Mutumin da aka ce maraya ne a farko, sai ga mahaifiyarsa ta bayyana a tsakiya ba bayani, don mai rubutun ta manta. Sannan ga masu sharhi. Idan suka taso da "Anti a kashe kishiyar nan" sai a kashe ta, gobe su ce sun yi kewarta sai a ce ashe suma ta yi. Ba na raina sauraron masu karatu, amma labarin da mutum ɗari ke tuƙawa a rami yake ƙarewa.

Na san amsar da za a ba ni, domin 'yar gwaggon tawa ta ba ni ita nan take. Ta ce kuɗin da ake biya tun farko shi ne jarinta, da shi take sayen data, kuma jiran da ake yi mata ne ke tashinta ta yi rubutun, in ba haka ba sai ta yi wata ba ta taɓa komai ba. Batun data gaskiya ne, musamman tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Amma rubutu ba ya cin data. Turawa ce ke ci, da kuma zaman hira a guruf. Magana ta biyu kuwa ita ce ainihin matsalar da ta faɗa da bakinta: ba ta da ɗabi'ar rubutu, sai ta aro tsoron masu bin ta bashi ya tsaya a madadinta.

Ɗabi'ar nan ba wani sirri ba ce. Lokaci ne da mutum zai yanka ya ce wannan na rubutu ne, kamar yadda mai koko ta san ƙarfe nawa take hura wuta. A Kano, ga mafi yawanmu, babu lokacin da ya kai bayan sallar asuba, kafin 'yan makaranta su fara neman safa da takalmi, kafin zafi ya sauko, kafin ƙarar injin markaɗe na maƙwabta. A kashe data, a rubuta kalma 500. Ba yawa, bai fi abin da mutum ke zubarwa a musun guruf ɗaya ba. Amma kalma 500 kullum na kwana 60 kalma 30,000 ke nan, littafi guda mai kauri. Wanda ke jiran sai ranar da ilhama ta sauko ya rubuta 5,000 a zama ɗaya, yawanci a shekara sau uku take sauko masa. Kuma kafin a rubuta kalmar farko, a ɗauki takarda a tsara waye waye, shekarunsa nawa, me yake nema, a ina za a tsaya. Ana iya sauya hanya daga baya, amma direban da bai san garin da za shi ba kowace kwana daidai ce a wurinsa.

Akwai wani abu da na koya da tsada. Shekarun baya ina cikin adaidaita sahu da yamma, ina duba wani rubutu da na kwashe wata huɗu ina yi, wani yaro ya fizge wayar ya faɗa lungu. Wayar ba ta dame ni kamar abin da ke cikinta ba, don babu kwafinsa ko'ina a duniya. Tun daga ranar, duk abin da na rubuta sai na tura wa kaina ta imel kafin na tashi daga wurin. Minti ɗaya ne. A garin da ƙwacen waya ya zama abin da ya zama, ajiye littafi a waya kaɗai ganganci ne.

Idan an gama, a bar shi ya kwana. Mako biyu ba a buɗe shi ba, sannan a karanta da murya, a fili. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake. A nan ne kuma ya kamata a ji kunyar ƙa'idar rubutu. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ duk a ciki, kyauta. Babu dalilin da za a karɓi kuɗin mutum a ba shi littafin da ba a bambanta kafa da ƙafa ba, ko rabinsa Turancin da ba Turanci ba. Wadda za ta kai labarinta asibiti ko kotun shari'a, ta nemi ma'aikaciyar jinya ko magatakarda ta yi tambaya. Masu karatu suna cikinsu, kuma suna dariya. Gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta koya wa marubuta mata da yawa wannan horon ba tare da sun lura ba: ga iyakar kalmomi, ga ranar rufewa, kuma sai kammalallen labari ake karɓa.

To, batun masu fitar da littafi. Doka tana nan, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet, amma babu wadda za ta ɗauki lauya a kan naira 500. Kuma mu faɗi gaskiya, aron littafi ba yau ya fara ba. A zamanin takarda kwafi ɗaya yakan zaga ɗakin kwanan 'yan mata gaba ɗaya har bangonsa ya cire, ga masu bayar da haya a unguwanni, kuma marubuta sun ci abinci duk da haka. Abin da mai sata ba za ta iya sacewa ba shi ne amana. Mace tana biyan kuɗi ne don ta samu da wuri, cikakke, a tsare, daga hannun wadda ta san ba ta taɓa barin ta a tsakiyar hanya. Wadda ta gama littafinta tana iya ci gaba da sakin shi shafi-shafi in ta ga dama, jan ran yana nan, sai dai ba ranar da za ta fito tana ba da haƙuri. Tana kuma da kaya a hannu: ta sayar da fayil ɗin PDF, ta ɗora a manhajojin sayarwa irin su ArewaBooks ko Selar, ta yi ciniki da masu karanta littattafai a YouTube. A wannan na ƙarshe a rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne, a fayyace murya kaɗai aka sayar, na tsawon wane lokaci, kuma haƙƙin mayar da shi fim yana hannun mai shi. Haka ma masu rubuta wa wasu don a biya su, fassara ce ko tallar kaya ko labarin fim: rabin kuɗi kafin a fara, kuma a rubuce.

Manhajojin nan ma kada a saki jiki da su. OkadaBooks ta fara a 2013, marubutan Hausa da dama sun zuba littattafansu a can, a ƙarshen Nuwamban 2023 ta rufe. Rumfar haya ce, ranar da mai ita ya ce a tashi sai a tashi. Jarin marubuci na gaskiya shi ne lambobin mutanen da suka taɓa ciro kuɗi suka saya daga gare shi. A rubuta su a littafi, da abin da kowa ya saya, kamar yadda ɗan kasuwar Kantin Kwari ke riƙe da sunayen abokan cinikinsa na ƙauye. Mutum 200 da ke sayen duk abin da kika fitar a naira 500 sun fi mabiya dubu goma masu tafi. Amazon kuwa, da ake ta kwaɗaita wa matasa da kason kashi 70 cikin ɗari na kuɗin littafi, ba a samun wannan kason sai farashin littafin ya kai aƙalla dala 2.99. A lissafa shi da naira, sannan a tambayi kai ko mai karatun da ke Kurna ko Ɗorayi can take zuwa sayen littafi.

Wani gefen kasuwar da na ga an bari fili shi ne littattafan da ba na labari ba. Ƙaramin littafi mai shafi 30 a kan kiwon kajin gidan gona a tsakar gida lokacin zafin Kano, ko yadda ake lissafin riba a sana'ar turaren wuta, ko yadda ake cike takardun neman gurbin karatu, da Hausa mai kyau daga wanda ya yi abin da hannunsa. Irin wannan ba ya tsufa da wuri, kuma wanda ya saya ba ya gaggawar raba shi ga abokan gasarsa.

Da zan tafi, 'yar gwaggon tawa ta rako ni zaure. Ta ce wannan littafin dai ta riga ta ci kuɗin mutane, dole ta lallaɓa ta kai shi ƙarshe ko ta halin ƙaƙa. Na ce to na gaba fa? Ta yi shiru, sannan ta ce ai ta riga ta saka tallarsa tun makon jiya, har mutum goma sha ɗaya sun biya.