Kashe ƙwayar kansa a faranti daban, warkar da mutum daban

Jama'a, akwai labarin da ke yawan zagayowa: wai masana sun haɗa wani sinadarin nano, wato mai ƙananan ƙwayoyi ƙwarai, da ke kashe cutar kansa. Binciken gaskiya ne, masu yin sa kuma suna shan wahala, ina jinjina musu. Yadda labarin ke isa kunnen mara lafiya ne yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Ga abin da ake yi. Ana ɗaukar sinadaran da ake kira semikondokta, irin ZnO na tutiya ko TiO2 na ƙarfen titaniyom, a sarrafa su har su zama ƙwayoyin da ba su wuce nanomita 100 ba. Nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Idan haske ya buge su, sai su saki wani nau'in oksijin mai ƙuna, ya huda bangon ƙwayar halitta, ya lalata DNA ɗinta. Sai dai hasken UV, wanda ido ba ya gani, suka fi sha, shi kuma ba ya ratsa jiki da nisa, shi ya sa ake gauraya su da azurfa ko zinariya, ko za su yi aiki da haske na yau da kullum. Dabara ce mai kyau ƙwarai.

Daga nan sai gwaji. Faranti ne mai ƙananan ramuka 96, a shuka ƙwayoyin kansa a ciki, sau da yawa MCF-7 na kansar nono, ko HeLa da aka ɗauka daga jikin wata mai cutar kansa, Henrietta Lacks, a 1951. A zuba maganin, a jira kwana ɗaya ko biyu, sannan a ɗiga sinadarin MTT mai launin rawaya. Ƙwayoyin da ke raye su mayar da shi shunayya. Ramin da ya kasa rinuwa, na cikinsa sun mutu. Sai a yi murna, a rubuta takarda.

To, ai ko bilic ka zuba a ramin nan zai kashe su. Tambayar da nake fara nema a kowace takarda ita ce: lafiyayyun ƙwayoyi fa, me ya same su? Wasu sukan gwada, wasu ko ambatonsa ba sa yi, kuma wannan yana ɓata mini rai. Balle ma su kansu ƙwayoyin nano suna iya rikita karatun launin nan.

A cikin jiki lamarin ya fi wuya. A 2016 ayarin Warren Chan na Jami'ar Toronto ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi cikin shekara goma, ya gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 kacal na abin da aka yi allura ke isa ga ƙarin. Mafi yawa hanta da saifa ke riƙewa.

Ban ce hanyar ba ta ɓullewa ba. Doxil, maganin kansa da aka ƙunshe cikin ƙwayoyin nano, ya samu amincewa a Amurka tun 1995, a 2019 kuma Turai ta amince da ƙwayoyin nano na ƙarfen hafniyom da ke ƙara ƙarfin gashin da ake yi wa masu cutar kansa a asibiti. Amma sai da suka bi ta kan dabbobi da matakan gwaji a jikin mutane.

Don Allah, mai tura irin wannan labari ya rubuta a layin farko cewa a faranti aka gwada. Akwai mai karantawa da ke tsakiyar karɓar kemo, jikinsa ya gaji, yana neman dalilin dainawa.