Mai fyaɗe ba kullum baƙo ba ne

Wani labari kan yadda za a kauce wa fyaɗe ya ce 'yan mata su guji fita da dare da shiga motar baƙo. Gaskiya ne, amma ni da ke koyarwa a wata makarantar firamare a Tahoua, abin da na fi gani daban ne. Yawancin masu fyaɗe sanannu ne: maƙwabci, ɗan uwa, mai sayen tallan yarinya kullum. Kuma ba mahaukata ba ne, mutane ne masu lissafi. Irin wannan mutum yana fara da kyautar dala ashirin ko alewa, ya saba da uwar gida, sannan ya gwada yarinyar da "kada ki gaya wa kowa". In ta yi shiru, ya san ya samu hanya.

Shi ya sa nake ce wa iyaye, ku koya wa yaro cewa babba mai neman a ɓoye wa uwa magana ba alheri yake nufi ba. Kada a tura yarinya talla ita kaɗai cikin ɗakin samari, ko da rana tsaka.

In abin ya faru, kada a yi mata wanka tukuna, a kai ta likita. Maganin kariya daga cutar sida yana aiki ne cikin awa 72, na hana ciki kuwa cikin kwana 5. A nan Nijar, a kira 'yan sanda a lamba 17. Sulhun da ake yi a zaure don rufin asiri, wallahi mai laifin kaɗai yake rufa wa, gobe ya koma kan 'yar wani.