Maganar fili ce aka bari a baya

Wani labari da na karanta ya yi ƙoƙari wajen kawo yadda ƙananan kulob na tseren babur a kan ciyawa suka taso a ƙauyukan Ingila, musamman yankin Kent. Amma ya tsaya kan mahaya, ya bar maganar fili, alhali a nan ne sabon kulob ke kafuwa ko ya watse.

Yawancin waɗannan kulob ba su da filin kansu. Manomi ake roƙa ya ba da hayar gona bayan ya yanke ciyawar dabbobi. A kafa turaku, a ja igiya, a fitar da zagaye mai siffar ƙwai, sannan a samo izinin hukumar ACU mai kula da tseren babur a Birtaniya, wadda ta samo asali tun 1903, da inshora da motar asibiti. In ɗaya ya rasa, ba tsere.

Babbar wahala ita ce ƙasa. Babur mai injin 500cc, yana shan man methanol maimakon fetur, giya biyu kacal, ba birki, to mahayi da tayar baya yake cin kwana, yana zamewa. Kafin a yi nisa da taro ciyawar kwana ta kwashe, ramuka sun fito. Ranar zafi ƙura ta rufe idon na baya, sai an kawo tankar ruwa a yayyafa. Ranar ruwa kuwa taɓo ne, wani lokaci dole a soke taron, kuɗin haya sun tafi, na ƙofa ba su shigo ba.

Bayan an watse sai an cike ramukan, an daddaɓe ƙasa, an sake watsa irin ciyawa. Kulob ɗin da ya yi sakaci da wannan, manomin ba zai sake ba shi gonarsa baɗi ba.